Mako Huɗu Babu Ƙuda

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Baba, ka yi haƙuri. Na san ba za ka ga wannan ba, amma dai ka yi haƙuri. Littafin rajista biyu ƙungiya ta ba ka, ɗaya muna aiki da shi a gona, ɗayan yana ƙasan akwatin takardunka, shi ne na ɗauko ban tambaye ka ba. Ta shafin ƙarshe na fara don kada in ɓata gaban. Ni ba gwanar rubutu ba ce, ko a aji in malama ta ce in tashi in karanta nawa muryata rawa take yi. Sai dai magana tana cika mini ciki, mu kuwa a gidanmu ba a cika yin magana ba.

Sunana Zakiyya Garuba. Ina aji biyar na sakandare. Muna Limawa, a gidan da kakana ya gina lokacin da yake aikin jirgin ƙasa. Ban san wa nake gaya wa ba, tunda ni kaɗai zan karanta.

Bana ne karo na farko da kankana da kabewar Baba za su haye teku. Su goma sha ɗaya ne a ƙungiyarsu, duk gonakinsu suna gefen kogin Chanchaga, kuma shekara biyu suka yi suna neman a yarda da su. Sharuɗɗan suna da yawa. Kowace gona da lambarta. A bakin gona akwai kwano mai ruwan magani da ake tsoma takalmi, da littafin baƙi. Duk kankanar da ta ruɓe a binne ta. Rumfar da ake shirya kaya a kewaye take da raga kamar gidan sauro. Babban abin kuma shi ne tarkon ƙuda. Akwai wani ɗan ƙuda mai ruwan ɗorawa da yake huda kankana ya yi ƙwai a ciki, mutanen can ba sa so ya shiga ƙasarsu ko ɗaya. Tarkon roba ne rawaya mai murfi, a ciki an rataye auduga mai magani, ƙanshinta ya jawo ƙudan ya shiga ya mutu. Shida ne a gonarmu. Duk Asabar Baba yana buɗewa, ni ina ƙirgawa in rubuta, saboda shi rubutun boko yana ba shi wahala.

Ranar farko ya ce mini, “Abin da idonki ya gani shi za ki rubuta, ba abin da ranki yake so ba.”

Yau ma sifili. Tarko shida, babu ƙuda ko ɗaya. Mako na huɗu ke nan. Baba ya yi ta hamdala, a hanya har ya tsaya ya saya mini rake.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi

Kaka tana kirana Akawun Ƙudaje. Ta ce a zamanin kakana akawu buhunan gyaɗa yake ƙirgawa a tasha, yanzu duniya ta lalace har ƙuda ya sami akawu. Na ce ai ko ƙudan ma babu. Ta yi wani ɗan murmushi ta juya ta ci gaba da tsince shinkafa.

Baba ɗanta na fari ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yaba masa, in ya shigo gaishe ta ma gefe take kallo. “Mai babur” take ce masa. Tun ina ƙarama nake jin haka, har na daɗe ina zaton ba ta son sa.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan magariba

Baba ya ɗauke ni daga makaranta muka wuce gona, don jami'in hukumar da ke duba kayan fita waje ya ce yana so ya ga mai rubutun. Sunansa Malam Ndaceko. Dogo ne, da farin takalmin roba da 'yar wuƙa a aljihu. “Kai” yake ce mini, kamar yadda wasu 'yan ajinmu suke yi.

“Kai ne akawu? Rubutu yana da kyau.” Ya buɗe shafi, ya sake buɗe wani. Sai ya daina murmushi.

Ya shiga cikin kunyoyin gonar yana ɗaga kankana yana juyawa. Ya sami wata mai ɗan tabo kamar na allura, ya yanka. Tsutsa ce a ciki, farare, uku. Ya sake samun wata.

“Malam Garuba, shekara goma sha huɗu ina buɗe tarko. Gonar da ake feshi kullum ma ana samun biyu, ana samun uku. Kai tsutsa yana cikin kankana, ƙuda ba ya cikin tarko. Uwar tsutsa ya bi ta ina?”

Baba ya ce, “Wallahi abin da muka gani ke nan.”

Malam Ndaceko ya ce shi bai ce kowa ya yi ƙarya ba. Ya ce masu saye sun san babu gonar da ba ƙuda, abin da suke so shi ne lissafi na gaskiya, don in adadin ya hau a yi magani da wuri. Ya ce sifilin da ba a yarda da shi ba ya fi ƙuda hamsin muni. Ya sa sabuwar auduga da hannunsa a duk tarkunan, ya manna wata takarda mai hatimi a kan kowane murfi, ya ce kada kowa ya buɗe sai ya dawo ranar Alhamis, sha uku ga wata mai zuwa.

A hanya Baba ya ce kada a gaya wa Kaka komai, hawan jininta ba ya son labari.

Ni na rubuta sifilin nan. Sau ashirin da huɗu. Na ƙirga.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Baba bai karya ba. Ya ce ba ya jin yunwa.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Kaka ta je gona yau kamar yadda take zuwa kowace Alhamis. Tana da 'yar kunyar rama da yakuwa a gefen gonar Baba, keke mai ƙafa uku take shiga da sassafe ta dawo kafin azahar. Ta dawo a gajiye fiye da kullum. Ta tambayi Umma wai ta ji mutumin gwamnati ya ga ƙazanta a gona, gaskiya ne? Umma ta ce ba komai ba ne, Inna. Kaka ta ce, “Mai babur dama tun yana yaro ba ya wanke kwanon da ya ci.”

Na ci tara cikin goma a gwajin darasin Noma. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da azahar

An buɗe tarkunan.

Ba mu ba ne. Mun je ne kawai mu leƙa ta jikin robar. Duk shida babu hatimi a kan murfi. Ciki fes, har walƙiya suke yi. Audugar tana nan a rataye, fara tas. Takardun hatimin kuwa an ninke kowace sau huɗu, an soke ta a jikin wayar da aka rataye tarkon, a hankali, yadda ba za ta faɗi ba.

Baba ya tsaya riƙe da tarko na uku ya daɗe. Ya kai shi kusa da fuskarsa, ya mayar. Ni ma na sunsuna.

Ya kira Malam Ndaceko a waya nan take ya gaya masa. Ina jin muryarsa daga inda nake. Ya ce dole ya rubuta cewa an taɓa hatimi. Ya ce in ya dawo bai sami bayani ba, za a ɗauka da gangan aka yi, a soke lambar gonarmu har abada, kuma a tsare kayan sauran mutum goman, tunda rumfa ɗaya suke shirya kaya.

Na san wani abu. Ba zan rubuta ba.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Mutum ɗaya na sani a duniya da yake ninke ko takardar ƙunshin magi sau huɗu kafin ya yar.

Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Alhaji Sheshi, shugaban ƙungiya, ya zo. A zaure suka zauna. Na kai musu ruwa, da na fito na tsaya a bayan labule. Na san ba kyau.

Ya fara da tambayar ko Baba yana da maƙiyi. Baba ya ce bai sani ba. Ya tambayi littafin baƙi, Baba ya ce babu sunan kowa a makon nan.

Sai Alhaji ya rage murya. “Garuba, mutum goma ne a bayanka. Ko Noah a cikinsu ya sayar da shanunsa biyu ya haƙa rijiya saboda wannan abu. Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Amma yarinya ce take rubutun nan. Ka ce ba ta iya ƙirga ba, ta ji tsoro, ta je ta buɗe don ta gyara. Wa zai kama yarinya? Za su yi faɗa su wuce.”

Na zaci Baba zai yarda.

Ya ce, “Alhaji, 'yata ba ta taɓa rubuta abin da ba ta gani ba. In sunan wani zai ɓaci, nawa ne a jikin lambar.”

“To wa ya buɗe?”

“Allah ya sani.”

“Allah ya sani, amma Ndaceko ba zai rubuta haka a takarda ba.”

Na koma ɗaki na kwanta na rufe fuska da hijabi.

Talata, 4 ga Nuwamba, lokacin tara a makaranta

Zulaiha, wadda muke zama benci ɗaya, ta ce na zama kamar wadda aka yi wa rasuwa. Na ce mura ce.

Na yi ta tunani. In na ce ni ce, me za a yi mini? Za a karɓe rajistar. Za a ce 'yar Garuba maƙaryaciya ce. Nan da shekara za a manta. Kankana kuwa ba za ta jira ba, saura kwana goma a fara yanka.

Talata ɗin, bayan magariba

Na gaya wa Baba. A kan babur ne, ya ɗauko ni daga Islamiyya, don na fi iya magana in ba ya kallona. Na ce, “Baba, ka ce ni ce. Na yarda.”

Ya tsayar da babur ɗin a gefen titi kusa da mai gasa masara. Bai juyo ba.

“Ke kika buɗe?”

“A'a.”

“To.”

Kekuna suna ta wucewa suna mana hon.

“Kin ji ƙanshin nan ranar Asabar?”

Na ce na ji.

“Ba ki ji ba. Ni ma ban ji ba.”

Na ce, “Baba, kai ka ce in rubuta abin da…”

“Abin da idonki ya gani na ce. Ban ce hanci ba.” Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ko'ina ba. Sai ya ce, “Zakiyya, ba zan tsayar da ita a gaban maza a yi ta mata tambayoyi ba. Ko gonar ce za ta tafi.”

Ashe tun ranar ya sani. Kwana uku muna ci a gida ɗaya kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya.

Ya saya mini masara. Ban iya ci ba, na riƙe ta har gida.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da asuba

Baba ya ce wa Kaka an yi feshi a gona, kada ta je yau. Ta ce ramarta fa? Ya ce zai tsinko mata. Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗa wa Kaka abin da ba haka ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Hannuwan Kaka sun yi ja, tsakanin yatsun ya tsattsage. Mako da makonni take sosawa tana ɓoyewa a cikin zane. Yau na ɗauko man kaɗe na zauna a gabanta.

“Kaka, kawo hannun.”

“Akawu ta koma likita?”

“Me ya same shi?”

“Tsufa.”

“Tsufa ba ya ƙaiƙayi.”

“Bari ki tsufa ki gani.”

Ina shafawa, ƙanshin sabulun salonta yana tashi daga zanenta, wanda take haɗawa da lemun tsami da kanta. Baba ya ce kada a gaya mata. Ban gaya mata ba. Cewa na yi ina da gwajin Noma ranar Litinin, ta saurara in yi mata bita.

Ta ce, “Ni da ban san ko bihim ba? To karanto.”

Na ce tarkon ƙuda ba don ya kare gona aka yi shi ba, don ya ba da labari ne. Audugar da ke ciki magani gare ta, mai dafi, ba a taɓa ta da hannu. Ƙanshinta ne yake kiran ƙudan. Matattun da suka taru a ƙasa su ake ƙirgawa, su ne shaidar cewa manomi yana sa ido.

Ta ce, “Wato so suke su ga ƙazantar?”

“So suke su ƙirga ta, Kaka.”

“In baƙo ya zo ya tarar da kwano cike da matattun ƙudaje, ba abin kunya ba ne ga mai gona?”

“A wurinsu in ya tarar babu ne abin kunya. Sai su ce mai gonar ya zubar don ya ɓoye.”

Ina jin yatsunta sun ƙage a cikin nawa.

“In an wanke audugar fa? Da sabulu, aka shanya, aka mayar yadda take?”

Na ce, “Ƙanshin ya tafi. Ƙuda ba zai ƙara shiga ba.”

“Shi ne abin da ya hana mai babur cin abinci?”

Na ci gaba da shafa man. Ta zare hannunta a hankali ta sa a cikin zane. Ta ce, “Jeki, kin iya karatunki. Za ki ci.”

Asabar, 8 ga Nuwamba, da azahar

Ba mu je gona da rajista ba. Babu abin rubutawa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kaka ba ta fito tsakar gida ba tun jiya. Tuwon da Umma ta kai mata ya dawo yadda yake. Ni na jawo. Baba ya ce hawan jininta ba ya son labari, ni kuma na kai mata labarin a cikin man kaɗe.

Baba ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta. Ta amsa daga ciki. Ya ce ko a kai ta asibiti. Ta ce, “A gaya wa mai babur lafiyata ƙalau, ya je ya ci abinci.” Ni ce a tsakaninsu, kamar dole sai an sami mai kai saƙo ko da taku biyu ne.

Na tuna wani abu. Duk damina takalmin robar Baba a wanke yake kwana, a jingine a bakin rijiya. Na ɗauka Umma ce. Yau na tambaye ta, ta ce ita ta ɗauka ni ce.

Talata, 11 ga Nuwamba, da safe

Saura kwana biyu.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan magariba

Baba ya goge farar rigarsa da kansa. Ya ce gobe zai ce shi ne mai gona, duk abin da ya faru a cikinta nasa ne, a soke lambarsa a bar sauran. Umma ta ce Ndaceko ya ce ba a rabawa. Ya ce zai roƙa.

Kaka ta aiko ni in tambaya ƙarfe nawa mutumin gwamnati zai zo. Na tambaya. Baba ya dube ni, na dubi ƙasa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

Zan rubuta a hankali don kada in bar komai.

Na karɓi izini a makaranta. Ƙarfe goma muna gona: Baba, ni, Alhaji Sheshi, Malam Noah da wasu biyu daga ƙungiya. Malam Ndaceko ya zauna a kan kwali a bakin rumfa, ya buɗe fayil a kan gwiwarsa. Baba ya fara magana, ya kai “ni ne mai gona”, sai muka ji keke ya tsaya a bakin hanya.

Kaka ce. Ta sa mayafinta na zuwa biki. A hannunta akwai ƙaramin bokiti, da soso, da ƙwallon sabulu a cikin ganye.

Baba ya miƙe. “Inna…”

Ba ta dube shi ba. Ta tsaya a gaban kwanon maganin takalmi, wanda ba ta taɓa takawa ba don ta ce ita ba baƙuwa ba ce a gonar da mijinta ya sare. Ta tsoma silifas ɗinta, dama da hagu. Ta ce, “Akawu, kawo littafin baƙin.” Na kawo. Na rubuta mata sunanta, Azumi, na shafa mata biro a babban yatsa ta dangwala.

Ta wuce tarko na ɗaya, kowa yana bin ta da ido. Ta ce wa Malam Ndaceko, “Yaro, zo ka gani, don ka rubuta daidai.” Ta nuna yadda take kwance murfin, ta zubar, ta cuɗe robar, ta cire audugar ta wanke ta matse ta shanya a kan ganyen kabewa, ta je ta tsinki ramarta, in ta dawo ta bushe ta mayar. Ta ce tun makon da aka rataye su take yi. Ta ce na ƙarshen ma sau biyu ta cuɗa, don ta ji an ce an ga ƙazanta.

“Takardar da ka manna kuwa ban yar ba. Na ga ta gwamnati ce, na ninke maka.”

Malam Noah ya fashe da dariya ya toshe baki. Alhaji Sheshi ya ce, “Inna lillahi. Hajiya, me ya sa ba ki tambaya ba?”

Ta ce, “In tambayi wa? Shi?” Ta nuna wajen Baba da haɓa. “A ce ina yi masa aiki?”

Malam Ndaceko ya ce, “Mama, kawo hannu in gani.” Ya duba ya girgiza kai. Ya ce maganin nan dafi ne, yau ɗin nan a kai ta asibiti. Sai ya ce dole ya yi tambaya ɗaya, ta yi haƙuri. Malam Garuba ne ya sa ta?

Kaka ta gyara mayafi. Ta daɗe tana kallon kogi.

Ta ce, “Shekara arba'in da tara ban faɗi alherinsa a gaban mutane ba, yau ka sa zan faɗa. Ɗana ba ya ƙarya. Ya san ni ce tun kwana goma sha biyu da suka wuce, ya zaɓi a kira shi maƙaryaci. Wannan kaɗai ce ƙaryarsa, kuma tawa ce. Ka rubuta.”

Ɗana. Da kunnena na ji.

Baba ya juya ya nufi wajen injin ban ruwa, ya tsuguna yana taɓa bututun da babu abin da ya same shi. Ya daɗe a can. Ba wanda ya kira shi.

Malam Ndaceko ya yi rubutu shafi ɗaya da rabi, ya ɗauki hoton hannun Kaka da bokitin. Ya ce zai rubuta kuskure ne, ba ha'inci ba, kuma yana sa ran za a karɓa. Lambar gonarmu ba za a soke ba. Sauran goman za su fitar da kayansu. Amma namu na bana ba zai haye ba, domin mako shida babu lissafin da za a dogara da shi, ga kuma tsutsar da ya gani. Sai a fara ƙirga daga farko, a sabuwar rajista, don noman rani.

Shekara biyu Baba yana jiran jirgin nan.

Da zai tafi ya sa sabuwar auduga a tarkunan, ya ce wa Kaka, “Mama, a duk Neja ban ga tarko mai tsabta irin naka ba. Don Allah kar ka ƙara.” Ta ce, “Kai ma farin takalminka yana son soso.”

Asabar, 15 ga Nuwamba, da azahar

An ba Kaka man shafawa da ƙwayoyi. An karɓi rahoton. Baba ya fara kai kankana kasuwar Kure. Jiya motar ƙungiya ta wuce ta gaban gonarmu da kwalaye masu lambobin mutane, ya ɗaga musu hannu har ta sha kwana.

Kaka ta koma ce masa mai babur. Shi ma bai nuna ya ji komai ba. Amma ya ci tuwo malmala biyu, a ƙofar ɗakinta ya ci.

Sabuwar rajista. Sai yau abin ya faɗo mini. Ita ce wannan da nake rubutu a bayanta.

Asabar, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar

Goma sha bakwai! Tarko na uku kaɗai tara. Ban taɓa zaton zan yi murnar ganin mataccen ƙuda ba. Kaka ta bi mu, ta dangwala a littafin baƙi. Baba ya juye mata ƙudajen tarko na uku a kan farar takarda a cikin faifai, ta sa tsinke tana ware su ɗaya-ɗaya kamar tsakuwa a shinkafa, tana yamutsa fuska. Na ƙirga takwas, ta ce tara, akwai ɗaya a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ita ce da gaskiya. Ta ce a rage wa akawu albashi.

A takardar makaranta na rubuta adadin, don ban kawo littafin ba. Da muka dawo Baba ya buɗe akwati bai gan shi ba. Na ɗauko daga ƙarƙashin katifa na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya bayan, ya ga rubutu. Ya shiga ɗaki da shi.

Can ya fito. Ya sa reza ya yanke shafukana a hankali, ya haɗa da wasu fararen guda goma, ya ɗinke gefen da zaren buhu. Ya ce, “Ban karanta ba. Sunana kawai na gani a sama, da haƙuri.” Ya ajiye mini a kan tabarma ya fita.

Baba, zan bar wannan a kan akwatinka. Ka karanta in kana so, ko da zai ɗauke ka mako, ko in karanta maka in ka yarda ka juya baya. Akwai wurin da na tsaya a bayan labule, da wurin da na saɓa maka a kan Kaka, ka yafe mini su. Na ga fararen shafukan da ka ƙara, amma ba na so in yi zato. Wancan karon ɗauka na yi ban tambaya ba. Yanzu ina tambaya: ka ba ni izini in cika su?